Lamba Ta Hau, Maigidana Ya Raba Min Ƙwayar Magani Biyu

Anti, don Allah ki ba ni shawara, don na kai inda ba na iya yi wa kaina tunani. Ni malamar firamare ce, shekara goma sha huɗu ina riƙe da aji uku a makaranta ɗaya. A da tun daga bakin ƙofa ake jin muryata, har abokan aiki suka sa min suna Lasifika. Yanzu layi na uku ma ba ya jin abin da nake faɗa, muryar ta dushe.

Abin ya fara bara. Gajiya ba dalili, sanyi ina sa rigar sanyi kowa na fifita, gashina na bin mataji, fatata ta bushe, ga ƙiba alhali abincin ma ba ya shiga. Yayata ta ce jini ne ya yi ƙasa, ta kawo min ƙwayar ƙarin jini. Surukata ta ce hutu ne ya yi min yawa. Daga ƙarshe na je asibiti aka ɗebi jini, likita ya ce wata halitta ce a maƙogwarona, tayirod, ba ta aiki yadda ya kamata. Ya rubuta min wata 'yar ƙwaya fara, ɗaya kullum da safe, ya ce in sake gwaji bayan wata biyu. Ya yi wani bayani da sauri, amma mutane na leƙowa daga ƙofa, ni kuma kaina kamar an cusa auduga, ban riƙe komai ba. Ina shanta da shayina mai madara, in haɗa da ta ƙarin jinin lokaci guda don kada in manta.

Da wata biyu suka cika na yi gwajin, na karɓo takarda, amma ban koma wurin likita ba, don layin asibitin yini guda ne, kuma na riga na nemi izini sau uku a zangon. Maigidana makanike ne, shekara ashirin yana gyaran mota. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur ya bi ta da yatsa. Wani layi an rubuta TSH, a gabansa 11, a gefe an nuna bai kamata ya wuce wajen 4 ba, an sa masa tauraro. Ya ce ai ko yaro ya san in allurar da ke nuna zafin mota ta hau, inji ya sha wuta, ragewa ake yi. Wato maganin ya yi min yawa. Tun daga ranar, duk Lahadi yakan wanke hannunsa tas, ya zauna da sabuwar reza ya raba min kowace ƙwaya gida biyu don in riƙa shan rabi, ya jera su a wani ɗan gwangwani. Wallahi har daɗi na ji da na ga yadda ya damu da ni.

Wata uku ke nan, kuma kullum jiya ta fi yau. Ina kiran rajista sai in tsaya ina kallon yarinyar da na koya wa riƙe fensir, sunanta ya ɓace min. Makon jiya na ba su aiki a allo, na ce bari in ɗan kifa kaina. Ban farka ba sai da shugabar makaranta ta taɓa kafaɗata. Yara arba'in da biyu sun yi tsit kusan rabin awa don kada su tashe ni. Wannan shirun ya fi komai yi min ciwo. Ta mai da ni ɗakin ajiyar littattafai, ta ce in ba ta ga canji ba kafin ƙarshen zango, wato nan da sati uku, za ta ba wata ajin, ni kuma in yi tunanin ajiye aikin. Ban gaya mata ina da ciwo ba, ina jin kunya a ce na fake da cuta.

Na sake gwaji shekaranjiya, TSH ɗin ya kai 23, wani layin kuma da aka rubuta T4 ya faɗi ƙasa da iyakarsa. Maigidana ya ce to a daina maganin gaba ɗaya. Ni kuma ina ganin ko na sha ko ban sha ba duk ɗaya ne, tawa ta riga ta ƙare. Ina jiyo ajina ta bango wata na koya musu, sai in zauna cikin littattafai in yi ta kuka. Wani lokacin nakan ji da ma in kwanta kada in farka. In daina maganin, ko in rubuta takardar ajiye aiki in huta?

Malamar aji uku

AMSA

'Yar'uwata malama, kada ki daina maganin, kuma kada ki rubuta takardar nan. Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wa wata likita wasiƙarki, ga abin da na fahimta.

Kun karanta takardar a juye. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba, saƙo ne da wani sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aika mata cewa ta yi aiki. Ke malama ce, kin san lokacin da kike ɗaga murya, sai in aji ya ƙi amsawa. Haka TSH yake hawa in tayirod ta yi sanyi. T4 kuwa shi ne abin da tayirod ke samarwa, shi ne amsar ajin. TSH sama, T4 ƙasa, jiki na neman ƙari ne. Ki gaya wa maigida ba allurar zafi ya gani ba, ƙafa ce ke ƙara taka totur don mota ta ƙi ja. Shi kuma sai ya rage mata mai.

Ba zan zage shi ba. Mutumin da zai wanke baƙin mai daga hannunsa ya zauna yanka ƙwaya ƙanƙanuwa don matarsa, ƙauna ce ta sa shi, rashin sani ne ya fi dare duhu. Amma ke ma kina da naki kason. Gudun layin yini ɗaya ya ci miki wata uku. Ga shayi mai madara da ƙwayar ƙarin jini, dukansu suna hana maganin shiga jiki sosai, wataƙila shi ya sa lambar ta tsaya a 11 tun farko. Ana shansa ne da ruwa zalla kafin a ci komai, a jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, ta ƙarin jini kuma a ba ta tazarar awa huɗu, in ma likita ya ce kina bukatarta.

Cikin satin nan ki je asibiti da takardun gwajin duka da maigidan. Ki faɗa wa likita gaskiya cewa rabi kike sha, in ba haka ba zai zaci cikakkiyar ƙwaya ce ta kasa, ya auna miki ba daidai ba. Kada ki ninka da kanki don rama abin da ya wuce. Sannan ki gaya masa maganar nan ta kwanciya ba farkawa, da bakinki, yadda kika rubuta min. Ciwon nan yana danne zuciya kamar yadda yake danne jiki. In tunanin ya yi ƙarfi kada ki jira ranar asibiti, ki faɗa wa yayarki ko maigida a ranar.

Yanzu ga mai ɗacin. Maganin nan ba ya sauri. Sai an yi sati shida zuwa takwas kafin a sake gwaji, wani lokacin a gyara awo sau biyu ko uku, kuma yawanci shan sa na tsawon rai ne. Sati uku ba za su dawo da ke yadda kike ba, ba zan yaudare ki ba. Shugabarki ma ba muguwa ba ce, amanar yara ke wuyanta, kuma abin da ta gani kawai malama ce ta yi barci a aji. Ki karɓo takardar likita ki kai mata, ki roƙi zango ɗaya a inda ta ajiye ki. Tana iya yarda, tana iya ƙi, ajin na iya tafiya a bana. In ya tafi, ki bar shi ya tafi bayan ta san gaskiya, kada ki miƙa shi da hannunki a lokacin da ciwo ne ke yanke miki shawara.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya tausasa zuciyar shugabarki, ya ba ki haƙurin watannin da ke gabanki.