Redha, Daga Sifili Zuwa Huɗu

Batu Pahat, farkon Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Junaidah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin autanki, ya lafa? Yaya zaman Sandakan? Mu nan muna godiya ga Allah, ana ta shirin bikin 'yata Izzati, ni kuma ina bakin kasko ina suyar rogona kamar kullum.

Kada ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Wayarki a hannun yara take wuni, kuma saƙon muryar da na turo miki kwanaki har surukarki ta ji. Wannan maganar ba ta kunnen kowa ba ce.

Nas ɗin ƙaramin asibitinmu ta daɗe tana bi na in yi gwajin bakin mahaifa. Na je na yi ne kawai don ta sarara mini. Sakamako ya fito, aka ce ba daidai ba. Aka tura ni babban asibiti, suka haska, suka tsinki ɗan nama. Likita ta ce ba sankara ba ce tukuna, amma akwai wurin da ya fara sauya kama, in aka bar shi can ya nufa. Za su yanke wurin, aikin yini guda ne, sun ba ni rana a tsakiyar Nuwamba. Na ji tsoro, Jun. Ke kaɗai nake faɗa wa haka.

Ina fitowa sai ga wata yarinya daga jami'a ta tare ni, Dakta Hanim. Da ƙyar in ta girmi Izzati. Ɗankwali a goge, murya kamar mai lallashin jariri. Wai suna auna nauyin da irin wannan sakamako yake ɗora wa zuciyar mace. Auna fa. Sai ka ce rogo a sikeli. Wasu Turawa ne suka rubuta tambayoyin a ƙasarsu, su kuma suka mayar da su harshenmu, suna gwadawa a kanmu su ga ko sun zauna.

Kowace tambaya da lambobi a gabanta, daga sifili zuwa huɗu, ki zagaye ɗaya. Sifili ba komai, huɗu abin ya kai maƙura. Shin barci yana ƙaurace miki? Shin kina jin jikinki ya ƙazantu? Shin kina tsoron mutuwa? Shin kina gudun kusantar mijinki? Yarinyar da ko zoben baiko babu a hannunta take tambayata kwanciyar aure, da biro a hannu.

Na ce mata, “'Yar nan, ina lambar redha?”

Ta ce, “Babu ita a ciki, Anti.”

Na ce, “To takardarki ba ta san mu ba.”

Kin san mu da kalmar nan. An yi miki rashi, redha. Ruwa ya ci gona, redha. Na karɓa daga Allah, na rufe bakina. Da ita aka raine mu. Don haka na bi layi na zagaye sifili tun daga sama har ƙasa, na miƙa mata abinta. Ta yi godiya har da rusunawa, ta ba ni tawul ɗan ƙarami da tambarin jami'a. Farashin sirrin mace ke nan a wurinsu. Yana nan ina goge murfin tukunya da shi.

Da na dawo na faɗa wa maigidana, Abang Sukiman. Yana zaune a baranda yana ba tsuntsun kejinsa gwanda. Ya saurare ni har na kai inda likita ta ce ƙwayar cutar tsakanin miji da mata take yawo, tana iya kwanciya shekaru, ba mai iya cewa yaushe ta shigo ko ta hannun wa. Nan ya yi tari, ya gyara zaman hularsa, ya ce, “Sai redha, Biah.” Ya koma kan tsuntsunsa. Tsuntsun dai ya ƙoshi.

Ki gaida kowa, ki ƙona takardar nan in kin karanta.

Yayarki,
Salbiah

Batu Pahat, tsakiyar Oktoba

Zuwa ga Jun,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da mutanen gida. Amsarki ta iso, na ga inda tawada ta jiƙe. Ki daina kuka, ban mutu ba. Kuɗin jirgi kuma ki adana su sai biki.

Kin tambayi yadda Abang yake ɗaukar abin. Ɗauka mai kyau. Ya kwashe matashinsa ya koma falo, wai zafi ya yi yawa a ɗaki. Ruwa ake kwarara kullum, har bargo nake ja, shi zafi yake ji. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar yana shan ragowar shayina yanzu ya ware kofinsa, ya ɗaura masa jan zare a hannu don kada a yi kuskure. Kallonsa kawai nake yi yana wanke kofin da kansa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Na roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, don haka washegari sai ga yayarsa Tumirah da kwalabe biyu na jiƙon kurkur da tsamiya. Ta zauna a kicin ɗina, ta ci rogona, ta dube ni daga sama har ƙasa kamar mai tayin akuya.

Ta ce, “Biah, ai mu a gidanmu ba mu san irin wannan ciwo ba.”

Na ce, “Ikon Allah, Yaya. Ni ma a gidanku na san shi.”

Ta ƙware da rogon. Na miƙa mata ruwa a kofi mai jan zare.

Abin da ya kawo ta shi ne a ɗage aikin sai bayan biki. Dalilanta biyu. Na farko, likita ta ce bayan an yi ba zan ɗauki abu mai nauyi ba na wasu makonni, kuma kin san yadda rewang yake a nan: matan unguwa su taru su dafa abincin biki, uwar amarya ce kan gaba a bakin manyan tukwane. In aka gan ni zaune a kujera, tambaya za ta tashi. Na biyu, ƙanwar uwar ango tana sayar da abinci a harabar babban asibiti. In ta gan ni ina shiga ɓangaren mata, shi ke nan, magana ta isa gidan surukan Izzati kafin in sauko daga kan gado. Wai za su ce wace irin uwa ce, wace irin 'ya ta haifa.

Abang yana bakin ƙofa yana gyaɗa kai. Ya ce, “Wata biyu ne kawai, Biah. Wanda ya yi redha ai ba ya gaggawa.” Mutumin nan in ganyen kwakwar manja ɗaya ya yi rawaya a gonarsa, kafin azahar ya kai shi ofishin gona a kan babur. Matarsa ce za ta iya jira. Bayan biki kuma sai a ce a jira kai amarya, sai azumi, sai salla. Na san hanyar nan, mun taɓa bin ta. Kin tuna Inna tana wanke zannuwanta a ɓoye a bayan gida, shekara guda tana zubar jini tana cewa redha, mu ma muna taya ta cewa, har ranar da aka ɗauke ta a motar maƙwabci ba ta dawo ba. Har yau ba wanda ya faɗi sunan abin da ya kashe ta.

Duk da haka na ce musu to. Saboda Izzati na ce. Yarinyar tana son yaron, ba zan zama dalilin da za a yi mata kallon banza a gidan miji ba. Ranar Alhamis zan je in sa a ɗage ranar. Dama 'yar sikelin nan, Dakta Hanim, ta bugo tana roƙon in leƙa ta, wai saura ƙiris aikinta ya cika. Wataƙila wani tawul ɗin ne ya rage musu.

Ki sa ni a addu'a. Ina gaida maigidan naki.

Taki,
Salbiah

Batu Pahat, ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da yara da babansu. Ki yafe mini shirun da na yi, kin bugo sau da yawa ban iya magana ba saboda gidan cike yake da kunnuwa. A kishingiɗe nake rubuto miki, yanzu za ki ji dalili.

Ranar Alhamis ɗin nan na je da niyyar ɗage rana. Layin masu ba da rana ya yi tsawo, na ce bari in fara sallamar yarinyar jami'a. Ta zaunar da ni, ta miƙo takarda. Jun, takardar ce dai ta rannan, ko waƙafi ba a sauya ba. Na ce mata ko ta ɓatar da ta farkon ne? Ta ce a'a, haka aikin yake. Sai an yi wa mace tambayoyin sau biyu, mako biyu tsakani. In amsoshin sun yi kama, an san ma'aunin yana da kyau. Ka ji masu ilimi. Su tambaye ka, su dawo su sake tambayarka, kamar 'yan sanda.

Na ɗauki biro zan sake jera sifilina. Shin barci yana ƙaurace miki? Na tsaya. Tun da abin nan ya faru, mijina ya sani, yayarsa ta sani, na tabbata rabin danginsu sun sani. An tambaye ni wa zai ɗauki tukunya. An tambaye ni me mutane za su ce. Ba wanda ya ce, Biah, kina barci kuwa? Sai wannan takardar banza da na raina, wadda wasu can da ba su taɓa ganina ba suka rubuta. Ita kaɗai ta tambaya, kuma har sau biyu.

Na zagaye huɗu. Tsoron mutuwa, huɗu. Jin ƙazanta, huɗu, har biron ya huda takardar. Akwai wadda ta ce, shin kina jin haushin mijinki? Na tambayi yarinyar ko ana iya ƙara lamba.

Ta ɗauko ta farkon ta jera su. Ta ce, “Anti, kin kashe ni. Wannan sifili, wannan huɗu. Malamina zai ce ma'aunin ne ya karye.”

Na ce, “Ma'auninki lafiyarsa ƙalau. Rannan Salbiah ta gidan Sukiman ce ta amsa.”

Ta ce, “Yau fa?”

Na ce, “Yau 'yar Inna ce.”

Ba ta gane ba, ban kuma yi mata bayani ba. Ta dai tambaye ni yaushe ne ranar aikina, na faɗa mata. Ta ce Allah ya sa a yi a sa'a. Na fito na wuce layin masu ba da rana ko kallonsa ban yi ba. A ƙofa na ci karo da ƙanwar uwar ango da tiren abincinta. Na tsaya na gaishe ta sosai, na sayi shinkafa ƙunshi biyu, na faɗa mata ranar da zan dawo don kada ta wahalar da kanta wajen bincike. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya.

Da yamma na zaunar da Izzati na faɗa mata komai. Na zaci kuka za ta yi saboda bikinta. Kukan ta yi, amma saboda na ɓoye mata. Ta ce, “Mama, in surukan nawa ba sa son 'yar mai rai, su nemi 'yar gawa.” Ban san inda ta samo bakin nan ba. Ita ta kai ni a motarta ranar aikin, ita ta dawo da ni. An yi lafiya. Likita ta ce sun cire wurin gaba ɗaya, zan riƙa komawa ana dubawa. Uwar ango kuwa ta aiko da miyar kifi, da saƙon cewa ita ma an yi wa ƙanwarta irinsa shekarun baya. Wace ƙanwa? Mai tiren nan da ake tsoro.

Abang bai san an yi ba sai da ya dawo daga gona ya same ni kwance. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da ya ƙaurace wa, yana juya hula a hannu. Bai ce sannu ba. Ya ce na kunyata shi a gaban yayarsa. Ya ce wa zai tsaya kan tukwane ranar rewang? Na ce Yaya Tumirah tana da ƙarfi, ga jiƙonta nan kwalba biyu ban taɓa ba, ta shanye ta ɗauka. Sannan na karanta masa sauran dokar likita: wata guda cur ba kusantar juna, ko da zafin falo ya ishe shi.

Ya ce, “Wata guda? To ni yaya zan yi?”

Na gyara matashina, na ce, “Sai redha, Abang.”

Yanzu saura ke. Na san ba ki taɓa yin gwajin nan ba, kada ki yi mini ƙarya. Uwarmu ɗaya. Na yi magana da nas ɗinmu, za ta gan ki washegarin saukarki, tun kafin ki ɗaura zanen biki. Ki zo mini da busasshen kifin Sandakan, ki zo da yaran duka. Amma in kika rubuto mini kalmar nan a amsarki, Jun, ba zan karanta sauran ba.

Yayarki mai ƙaunarki,
Salbiah