Hoton Lambatun Inna Zinariya

Sabo, Ibadan

Zuwa ga Yaya Sakinat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Zariya? Ƙafar taki ta daina kumburi? Mu nan lafiya lau, Baba yana gaishe ki.

Kin tambaye ni labarin karatu. Digirin nan na biyu na tafiyar da ayyuka ya fara yi mini daɗi. An raba mu rukuni-rukuni, aka ce kowane rukuni ya nemi aiki na zahiri, ya tsara shi, ya aiwatar. Ni na kawo shawarar lambatun da ke bayan gidan Inna Zinariya mai waina, wanda ke toshewa duk damina. Abin da aka koya mana na bi: na zauna da matan layin, na raba aiki, na sa lokaci, na aro shebur da baro. Samari suka shiga har gwiwa, mata suka yi ta kawo ruwa da kunu. Yaya, da kin ga yadda ruwa ke gudu yanzu, da kin yi murna.

Abu ɗaya ke damuna. Jamil ɗan Hajiya Saudat shi ne shugaban rukuninmu, don ya fi mu iya Turanci a gaban malamai. Aikinsa kawai ya ɗauki hoton wurin kafin a gyara, amma bai leƙo ba sai da muka gama. Ya ce kada in damu, ya san yadda zai yi.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Ruƙayyatu


Yaya Sakinat,

Sallama da fatan alheri. Ya gida, ya jikin naki? Ki yi haƙuri da shiruna, raina ne a ɓace.

Kin san abin da Jamil ya yi? Ina makaranta ya ɗauko hayar mota daga kasuwar Bodija, cike da ruɓaɓɓen tumatir da albasa da kashin shanu na mahauta, ya sa aka juye a lambatun da muka wanke. Ya ɗauki hotunansa, ya hau okada, wato acaɓa, ya tafi, wai gobe a kwashe. Kafin la'asar ruwa ya kece. Ƙazantar nan duk ta bi ta ƙofar baya ta shiga gidan Inna, ta kai har inda take jiƙa shinkafa. Da na iso na tarar da ita tsaye cikin baƙin ruwa, tsutsa na yawo kusa da kaskonta. Sai da na koma gefe na yi amai. Mu muka kwashe da hannunmu, kuma har yau masu sayen wainarta ba su dawo ba.

Na tare Jamil a unguwar Mokola. Ko kunya babu, ya ce mini, "Ai Sabo ce, wa zai ga bambanci?" Mutumin da aka yanke wa cibiya a layin nan, Yaya.

Ranar gabatar da aiki ya haska hoton a bango, ƙato. 'Yan aji suka yi ta toshe hanci suna dariya, wata ta tambaya da Yarbanci ko mutane ne ke kwana a nan. Shi kuwa yana ta bayanin yadda ya wayar wa jama'a kai. Mu aka ba makin da ya fi na kowa.

Taki,
Ruƙayyatu


Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da addu'a. Ina fatan kowa lafiya.

Na je na sami malaminmu na gaya masa komai. Ya saurara yana latsa waya, ya ce rahoton ya yi kyau, kuma an riga an aika da maki. Na ce to a cire sunana daga rahoton. Ya ce idan an cire sai na maimaita darasin baɗi. Na ce na ji. Baba kuwa tun ranar ya koma aikawa a sayo masa waina wajen Inna kowace safiya.

Jamil ya sami aiki da wata ƙungiya mai kula da tsaftar unguwanni, da rahoton nan ya nema. Jiya mahaifiyarsa ta zo gidanmu da kwanon dambu na murna. Ba ta san komai ba. Ta kama hannuna ta ce ta ji an ce na sami tangarɗa a karatu, kada in karaya, Allah ya sa in yi koyi da ɗan'uwana Jamil. Na buɗe baki zan gaya mata, sai na dubi tsufanta da yadda idonta ya ciko don farin ciki. Na ji kaina na ce amin.

Tun jiya nake kurkure baki, Yaya, ɗacin ya ƙi tafiya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ruƙayyatu