Ɗari takwas da suka ɓace ina cikin takaba

Zuwa ga Shugaban kamfanin casar shinkafa da manoman fadamar Haɗeja suka zuba wa hannun jari.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan iyali da ma'aikata kowa lafiya.

Ni ce Inna Dije, matar marigayi Malam Buba. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata Malama Saratu ce ke rubuta mini wannan, tsohuwar malamar firamare ce, 'yar kudancin Kaduna. Na zaɓe ta ne don ba danginmu ba ce, ba ta da ko kwabo a cikin maganar. Duk da haka in ta gama zan kai wa matar liman ta sake karanta mini, in ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ni ba na kiran sunan mijina ko na ɗan farina, haka aka tashe mu, inda kuka ga sunansu Malama ce ta sa. Jarida za mu aika wa wasiƙar nan, Malama ta ce kada a sa sunan kamfani saboda lauyoyi. To, kun dai san kanku.

Na farko. Shekarar da ciyawar kacalla ta cinye mana makiyaya, Malam ya sayar da sauran shanunmu ya sayi hannun jari dubu shida a wurinku. Na hana shi bai ji ba. Na ce masa saniya ko ta rame ana ganinta a turke, takarda kuwa sai abin da mai biro ya ce. Amma gaskiya ɗaya ce, yana da rai kuna ba shi ribarsa duk shekara, ba mu taɓa kuka da ku ba.

Na biyu. Bara ambaliya ta ci shinkafa, kuka ce babu kuɗin riba, za ku biya da ƙarin hannun jari, kowane uku a ƙara ɗaya. Malam ya ji da kunnensa a wurin taronku, ya dawo ya gaya mini. Wannan lissafi ba sai an yi mini ba. Shanu uku ɗan maraƙi ɗaya. Dubu shida za su haifi dubu biyu, a tashi da dubu takwas. Bai kai ga karɓa ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na uku. Ina cikin takaba kuka aiko cewa magada su zo ofis a dangwala yatsa kafin a rufe. Ranka ya daɗe, kai Musulmi ne, ka san mai takaba ba ta yawon ofis. 'Ya'yana mata biyu, Hajara da Rabi, suna gidajen mazajensu, ɗaya a Kirikasamma ɗaya a Kaugama, hanya kuma ruwa ya cinye. Muka wakilta ɗan farina, Sale, ya je a madadinmu duka. Ya dawo da takarda mai dubu bakwai da ɗari biyu. Ni a lokacin ban san me ke ciki ba, na sa ta ƙarƙashin katifa. Sai ranar rabon gado malamin da ya zo rabo ya karanta, na ce masa ya sake karantawa. Ɗari takwas babu.

Na huɗu. Da na fita takaba na hau keke mai ƙafa uku na zo ofishinku da kaina, sau uku. Zuwan farko sakatarenku ya ce haraji ne aka cire. Na ce masa haraji a kuɗi na san ana cira, ban taɓa ganin an yanke wa ɗan maraƙi ƙafa an ce haraji ba. Zuwa na biyu ya ce a'a, kuɗin sauya suna ne daga na mamaci zuwa na magada. Na ce ya nuna mini rasit, ya ce wanda ke da makullin durowa ya tafi Kano. Zuwa na uku bai ma bari na zauna ba, ya ce kamfani ya ba wakilinmu komai cif, in koma gida in tambayi ɗana. Amsa uku daga baki ɗaya. Wacce zan ɗauka?

Na biyar, kuma nan ne ban san wa zan yarda da shi ba. Na je gaisuwar mutuwa Kirikasamma, a can na haɗu da mata biyu da mazajensu suka mutu kafin wannan rabo naku. Su ma nasu bai cika ba. Mazan da ke da rai kuwa, waɗanda suka je da ƙafarsu, duk wanda na aika aka tambaya ya ce nasa cif yake. Sai na ce to, kamfani ne ke cin rabon matattu, don ya san matansu na kulle a ɗaki wata huɗu. Amma su ma matan nan 'ya'yansu maza suka aika. Kuma ba zan ɓoye muku ba, a wannan kakar ɗana ya sayi sabon injin ban ruwa. Ya ce bashi ya ci. Wataƙila bashin ne. Kuma an sha ganinsa da sakataren naku a teburin mai shayi suna dariya. Wataƙila shayin ne kawai. Ni na haife shi, na san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, amma wannan karon na duba fuskarsa ban gane komai ba.

Na shida. Ƙannensa sun kai shi ƙara gaban alƙali. Ban sa su ba, ban kuma hana su ba, hakkinsu ne. Alƙali ya rubuto muku sau biyu ku zo ku faɗi nawa kuka miƙa. Kuka turo lauya da baƙar riga ya ce maganar hannun jari ba ta wannan kotu ba ce, sai babbar kotu a wani gari. Da wane kuɗi zan je can? Lauyan da muka tambaya, abin da ya yanka mana ya kusa cinye ɗari takwas ɗin ma. Ina zaton kun san haka shi ya sa kuka tura mu can.

Yanzu alƙali ya ce tunda babu shaida sai rantsuwa. A zama na gaba, bayan an gama yankan shinkafa, ɗana zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa abin da aka ba shi ke nan. Wannan ne ya sa na kira Malama Saratu da biro. Ina yarinya a ruga na ga mutumin da ya rantse a kan saniyar da ba tasa ba, na kuma ga yadda ya ƙare. In ɗana ya ci ya kuma rantse, ya halaka. In bai ci ba, kun sa ƙannensa sun ja shi kotu a banza, yanzu ko gaisawa ba sa yi, iyalinsa da mazajensu ma sun shiga. Ku kuma kuna zaune a ofis da amsar a hannunku.

Ga abin da nake nema. Ka zo da kanka, ko ka turo wani ba wannan sakataren ba, ya tsaya gaban alƙali kafin ranar rantsuwa ya faɗi nawa aka rubuta wa gidan Malam, nawa aka miƙa, wa ya karɓa. In an cire wani abu, a faɗi sunan abin, suna ɗaya, da wanda ya ba da izinin cirewa. A kuma duba na sauran matan da rabon ya same su cikin takaba. Ba roƙon sadaka nake ba, ba kuma na neman buhun shinkafar da kuke aika wa mutane da azumi. Kada a aiko mini, zan mayar.

Ga kuma yadda bashin yake, kowa ya ji. A cikin ɗari takwas, tumunina ɗari ne. Na ɗana ɗari uku da hamsin. Hajara ɗari da saba'in da biyar, Rabi ma haka. In a hannun kamfani suke, ku dawo da su duka, da ribar da suka haifa tun ranar, a rubuta wa kowa nasa da sunansa, kada a sake haɗa mu a takarda ɗaya. Ko kwabo ban yafe muku ba, ko na mutu yana wuyanku. In kuwa ɗana ne, ku faɗa a fili, kada ku ji kunyata. Zai biya ƙannensa nasu cif, ko da gonar fadamarsa za a sayar, ni zan kira dillali da kaina. Ɗarina kuma ya riƙe, ya saya mini likkafani da su. Ɓarawo zan iya zama da shi a gida ɗaya har ya tuba. Amma ku gaya mini kafin ya ɗora hannu a kan Littafin Allah, don bayan nan ba abin da zan iya yi masa.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka da cin hakkin marayu, ya sa kada matarka ta zauna takaba wani na lissafa mata nata a bayan ido.

Wassalam.

Inna Dije, Haɗeja.