Babi na Huɗu

Sallapata, Puno
9 ga Agusta, 2004

Zuwa ga Farfesa Amparo Villacorta,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu ma nan ƙauye lafiya lau, sai sanyi da ya ƙi sakinmu.

Malama, ki gafarce ni da yawan damunki. Wannan ce wasiƙata ta uku tun da na ba direban motar Lima kundin digirina na uku ya kawo miki a watan Maris. Sakatariyar sashe ta tabbatar min ya iso hannunki. Wata biyar ke nan ban ga gyara ba, ban ji faɗa ba, ni da na saba takarda ɗaya ta dawo min jajir da tawadarki.

Kin san wa'adin da jami'a ta ba ni zai cika ranar 15 ga Disamba. Idan mai duba aiki ba ta sa hannu kafin ƙarshen Oktoba ba, ba za a kafa kwamitin da zan kare kundin a gabansa ba, sai dai a soke sunana.

Babi na huɗu na fi so ki duba, wanda ya yi magana a kan irin dankali bakwai da ƙanƙarar Fabrairu ta kasa kashewa shekara uku a jere. Na sa sunan kowane gida kusa da irin da ya ba ni, kamar yadda muka yi musu alkawari ni da ke ranar da kika zo nan. Gida arba'in da ɗaya ne. Baba Sabino, shugaban manoma, kullum sai ya tambaye ni, "Yaushe littafinmu zai fito?"

Na sako miki busasshen dankali kaɗan, Inna ce ta shanya da hannunta.

Ɗalibarki mai biyayya,
Nélida Yucra

Lima
24 ga Agusta

'Yata Nélida,

Na gode da gaisuwa da tsaraba. Ki gaishe min da Innarki.

Aiki ne ya yi min yawa, ɗalibai goma sha ɗaya ke hannuna, ga taro a Meziko. Na leƙa kundin. Babi na ɗaya zuwa na uku babu laifi. Na huɗu kuwa bai nuna ba tukuna, kuma ina ganin gara a cire shi gaba ɗaya. Kada ki nuna wa kowa shi, kada ki taso zuwa Lima sai na kira ki. Ki kwantar da hankalinki, ni na san abin da nake yi.

Taki,
A. Villacorta

Lima
6 ga Satumba

'Yar tsauni,

Ina gaisuwa. Yaya sanyi, yaya tumakin Inna? Ɗakin gwaji yana nan yadda kika bar shi, firjin nan mai kukan jaki har yanzu bai mutu ba. Matata Rosalba tana gaishe ki, cikinta ya shiga wata na takwas, ta ce in gaya miki ba ta ganin ƙafafunta.

Nélida, sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa. Bari in faɗa kawai.

Babinki na huɗu ya fito a mujallar bincike ta watan Agusta. Na haɗo miki kwafi. Sunan Farfesa ne a gaba, sai nawa a bayansa. Naki yana can ƙarshe cikin godiya, an ce "mataimakiyar aikin gona". Sunayen gidajen babu ko ɗaya, an mayar da irin dankalin lambobi.

A watan Afrilu ta kira ni ofis ta miƙo min jadawalai ta ce, "Renzo, zo ka gyara min lissafin nan, ka zana su da kyau." Na ce, "Farfesa, ai waɗannan na Nélida ne." Ta ce, "Na aikina ne, Nélida kuma a ƙarƙashin aikina take." Na ce to sunanki fa? Ta ce, "Na yi magana da ita." Na so in yarda, sai na yarda. Ban rubuto na tambaye ki ba, kuma na san dalilin da ya hana ni. Shekara biyar ina jami'ar nan ba ni da maƙala ko ɗaya.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne na karanta dokar makarantar manyan digiri. Ba a karɓar kundin da aka riga aka buga wani sashensa da sunan wani. In kika kai babin nan gaban kwamiti yanzu, ke za a ce kin kwafi malamarki.

Ki zage ni, na cancanta. Amma ki rubuto.

Naki,
Renzo Aliaga

Sallapata
15 ga Satumba

Zuwa ga Farfesa Villacorta,

Ina gaishe ki, don ba a koya min fara magana da babba babu gaisuwa ba.

Mujallar tana gabana. Kin ce babin bai nuna ba, alhali ranar da kika rubuto haka ya riga ya fito. Na bi shi layi layi. Har kuskuren da na yi a jadawali na uku, inda na rubuta tsayin gonar Iya Fortunata ba daidai ba, yana nan ba a gyara ba. Ashe ko karantawa da kyau ba ki yi ba.

Shekara huɗu, Malama. Ina fita gona tun kafin rana ta fito da ma'aunin sanyi a hannu, yatsuna suna tsagewa. Mahaifina Mateo ya rasu ina tsakiyar awo, kika ce in daure, na daure. Duk wanda ya tambaye ni a nan sai in ce ina da uwa a Lima.

Takardar da muka sa wa hannu ranar da kika karɓe ni ta ce aikinki shi ne ki karanta, ki gyara, ki kare ɗalibinki. Ba ta ce ki ɗauka ba. Ko da ba takarda, ke da bakinki kika tsaya a filin makarantar ƙauyen nan kika ce wa dattawa, "Duk inda dankalinku ya shiga, sunanku zai shiga."

Ina roƙon ki rubuta wa mujallar a gyara sunayen, nawa da nasu. Ba na neman komai bayan wannan.

Nélida Yucra

Lima
28 ga Satumba

Nélida,

Na samu takardarki. Zan ɗauka ɓacin rai ne ya rubuta ta, ba ke ba.

Tun kina firamare nake wannan aikin. Ni na nemo tallafin da ya saya miki ma'aunan da kike magana, ni na tsara yadda za a yi awon, ni na tsaya miki lokacin da wasu a sashen nan suka ce 'yar ƙauye ba za ta iya ba. Masu tallafin sun ce in ba a miƙa maƙala kafin Yuli ba za su rufe aikin. Da an rufe, da ɗalibai goma sha ɗaya sun koma gida, har da ke. Editan mujallar ba ya buɗe takardar da ba sunana a kanta. Kuma babu mujallar da za ta jera sunan manoma arba'in. Ni ma malamina haka ya yi min, ban mutu ba, ga ni.

Ga abin da zan iya yi. Ki cire babi na huɗu, ki faɗaɗa na uku. Zan sa hannu cikin mako guda, ki kare a Disamba, kuma akwai gurbin koyarwa a shekara mai zuwa da zan sa ki a ciki. Maganar mujalla ta wuce.

Idan kuma kin zaɓi kai ƙara, ki tuna waɗanda za su zauna a kwamitin abokan aikina ne na shekara ashirin. Ba barazana nake yi ba, shawara ce, kuma shawara aikina ne.

Farfesa A. Villacorta

Sallapata
11 ga Oktoba

Renzo,

Ina gaishe ka da Rosalba. Ban zage ka ba, amma ban ce na yafe ba.

Farfesa ta yi min tayi: in yi shiru in karɓi digiri da aiki. Kwana uku ina jujjuya takardar, kuma gaskiya na kusa amincewa. Inna ta tsufa, ga shi ni kaɗai ta haifa.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka yi taron manoma, na miƙe na gaya musu komai. Da ma ban gaya musu ba babu mai sani, wa ke karanta mujalla a nan? Amma ba zan iya cin abinci a gidajensu da wannan a cikina ba.

Baba Sabino ya karɓi mujallar ya juya ta sama da ƙasa. Ya ce, "Ina nawa?" Na nuna masa, na ce ga shi nan, lamba ta biyar. Ya ce, "Kakata ce ta ɗauko irin nan a zaninta daga ƙetaren tafki. Yanzu sunanta Biyar?" Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba.

Iya Fortunata ta ce, "Matar nan mai farar hula? Wadda ta ci gasasshen dankalina har ta nemi ƙari? Ni fa tun da na ga tana goge cokali da gefen rigarta na ce a yi hankali." Sai ta juyo kaina ta ce, "Ke, ba ita muka ba wa ba. Ba mu san ta ba. 'Yar Mateo muka ba wa."

Renzo, wannan ya fi mujallar ciwo. Wani daga baya ya ce, "Ko dai tare suka raba?" Inna tana zaune ta sunkuyar da kai.

Na rubuta ƙara zuwa makarantar manyan digiri, jiya na ba direba. Littattafan awona suna hannuna da kwanan wata, amma za ta ce ita ta sa ni. Mutum ɗaya ne ya ji ta da kunnensa ta ce ta yi magana da ni, alhali ba ta yi ba. Kai ne. Ba na so ka ƙara komai, ba na so ka rage. Abin da ka rubuto min kawai za ka maimaita a gaban kwamiti. Wasiƙarka tana wurina, amma ba zan miƙa ta ba tare da izininka ba.

Za ka tsaya?

Nélida

Lima
22 ga Oktoba

'Yar'uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Rosalba ta sauka ranar Talata, mace, kilo uku, hancinta irin nawa, Allah ya ba ta haƙuri.

Zan tsaya. Ai ni na tono maganar, ina zan gudu? An sa zaman kwamiti ranar 18 ga Nuwamba. Ki sauka gidanmu, akwai katifa a falo in za ki iya jure kukan jaririya.

Abu ɗaya nake roƙo, ki bar wasiƙar nan a gida. Gara su ji daga bakina, takarda tana sa mutum ya zama kamar mai gulma. Farfesa ta sa min ranar kare nawa kundin, 3 ga Disamba, ko tambaya ban yi ba. Kwana biyu tana ta yi min fara'a, har ta aiko wa jaririya riga. Kada wannan ya dame ki, na san inda na tsaya.

Sai kin zo.

Renzo

Lima
25 ga Nuwamba

Nélida,

Ina gaisuwa, in za ki karɓa.

Na bi ki tashar mota aka ce kin riga kin tafi. Ban san yadda zan yi miki bayani ba. Da shugaban kwamiti ya ce, "Malam Aliaga, Farfesa ta taɓa ce maka ta nemi izinin ɗalibar?" na buɗe baki da niyyar faɗa. Sai na ga tana kallona, ba da fushi ba, kallo kawai. Na tuna Disamba, na tuna Rosalba da yarinya a ɗaki ɗaya a gidan surukaina. Na ji bakina ya ce, "Ban tuna ba."

Na ga lokacin da kika rufe littafin awonki. Da kin yi ihu da ya fi min sauƙi.

Na ji hukuncin. Sun ce rashin fahimta ce tsakanin malama da ɗaliba, maƙala tana nan yadda take. Amma ai ba su kore ki ba, sun ba ki sabon mai duba aiki da ƙarin shekara biyu ki sake awon babin. Dakta Benavente da suka ba ki mutumin kirki ne, yana karanta abin da aka ba shi. Wani abu ne ai, ko ba haka ba?

Wasiƙata ta Satumba tana hannunki. In kin ga dama ki aika musu, ba zan hana ki ba. Ina dai roƙon ki bari Disamba ta wuce.

Mun so ki zama uwar baftismar yarinyar. Har yanzu muna so.

Renzo

Sallapata
9 ga Disamba

Dakta Aliaga,

Ina gaisuwa. Na ji ka kare lafiya, Allah ya sa albarka.

Ga wasiƙarka na mayar maka, ba ni da abin yi da ita.

Na bi gida arba'in da ɗaya ina roƙon iri don in sake awo. Tara suka ba ni. Baba Sabino ya ba ni ruwa na sha, ya tambayi lafiyar Inna, ya raka ni har bakin hanya, bai ba ni ba. Da taran zan fara, mun riga mun shuka.

Ka nema wa yarinya wata uwar. Wadda za ta tsaya mata a coci ya kamata ta yarda da maganar ubanta.

Ka gaishe da Rosalba.

Nélida Yucra