Matakala Saba'in da Huɗu

Puumala, Laraba, 19 ga Yuni

Mijina Aulis,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙugun naka? Ina fata ka fara taka ƙafar kamar yadda likita ya ce, ba ka tsaya yi wa ma'aikatan jinya gardama ba. Mun iso lafiya jiya da yamma, ni da Baba da ƙanena Tuomo, kuma Baba bai jigata a hanya ba. Labari mai daɗi ke nan, daga nan ya ƙare.

Na ɗauki takarda ne domin in na kira ka a waya zan ɗaga murya, kuma ku huɗu ne a ɗakin nan na asibiti.

Ka san abin da ya kawo mu. Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye a watan Nuwamba, abu ɗaya ya roƙa: ranar jajiberin Juhannus, bikin tsakiyar bazara, ya shiga sauna, ɗakin nan na wankan tururi, ya fito da guminsa ya faɗa tafki, kamar yadda yake yi kowace bazara tun yana yaro. Shekarunsa tamanin da uku. Likitarsa ta yarda, muddin zafin bai yi yawa ba kuma akwai mai riƙe shi. A bakin ƙofa kuma, ba a gabansa ba, ta ce mini kada mu ɗaga sai baɗi.

Kana kallo na yi aikin nan a teburin kicin. Sansanin masu hutu a bakin tafki goma sha ɗaya na buga wa waya, kowanne tambaya uku: taku nawa ne daga sauna zuwa ruwa, gaɓar yashi ce ko dutse, keken guragu zai kai bakin ruwa? Uku suka ci jarrabawar. Na aika wa Tuomo sunayensu tun Afrilu. Ya ce in bar masa, shi ne mai motar da ake kwana a cikinta, shi ya san wuraren. Na bar masa. Ƙanena ne, shekarunsa hamsin da biyu, na ɗauka ya isa karanta layi uku.

Bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya kawo mu wani wuri mai taurari biyar, fili shafe da kwalta, kowace mota da sandar wutarta da famfonta. Akwai injin wanki, akwai shago. Tafkin ma akwai, yana can ƙasan dutse. Na sauka na ƙirga: matakala saba'in da huɗu, na katako, da santsi, abin riƙewa a gefe ɗaya kawai. Saunar kuma ta lantarki ce, a jikin ginin ban-ɗaki, tagarta na kallon kwandunan shara.

Na je ofis na tambayi manajan yadda mai keke zai kai ruwa. Ya ce babu wanda ya taɓa kawo musu ƙorafi. Na ce waɗanda abin ya shafa ba sa dawowa ne. Ya miƙo mini taswirar sansanin kyauta.

Tuomo kuwa cewa ya yi motarsa mita takwas ce, ba ko'ina take shiga ba, kuma sai da wuta mai ƙarfi. Har da yi mini dariya: "Yaya, ke da kike kwana a tantin da ya girmi 'ya'yana, me kika sani game da sansani?"

Yau da safe Baba ya ce in tura shi bakin shingen da ke saman dutsen. Awa ɗaya da rabi yana kallon ruwan. Abin da ya ce kawai shi ne, tafkin ya cika bana. Jajiberi jibi ne.

Ka gaishe da maƙwabcin gadonka mai minshari.

Matarka,
Sirkku


Puumala, Alhamis, 20 ga Yuni

Aulis nawa,

Ina gaishe ka, da fatan ka kwana da sauƙi. Mu lafiya lau, in ban da raina da yake ɓace, kuma yau ɓacin ya rabu gida biyu.

Da sassafe na kira wuraren nan uku. Duk sun cika, makon Juhannus ne, ko inda za a kafa laima babu. Matar da ke sayar da madara a shago ta ji ina waya, sai ta ba ni sunan wata Ritva, mai gona a ɗaya gefen tafkin, wadda ke barin masu tanti su sauka a makiyayarta. Na ari keken hawa na je. Ciyawa ce shimfiɗe har ruwa. Sauna ta itace, tsohuwa, baƙa da hayaƙi. Na auna da ƙafata: taku goma sha biyu, yashi har ciki. Babu lantarki, ban-ɗakin ma na rami ne. Hanyar kilomita biyu ce cikin daji, ƙunci gare ta, rassa na haɗuwa ta sama. Ritva ta ce taraktarta na wucewa, amma ba ta ɗauki alhakin fentin motar kowa ba.

Na dawo na ce wa Tuomo ya bar motarsa a kan kwaltar da take so, mu ɗauki Baba a tasi, mu kwana a tantina. Na faɗa masa maganganu, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ya zaɓar wa mota masauki ya manta da uba. Ya bari na gama, yana goge madubi, sannan ya ce:

"Baba a tanti? Wa zai ɗaga shi daga ƙasa in ya so fita? Injin numfashinsa fa, a jikin bishiya za ki jona shi? Don wa kike zaton na sayar da kwalekwalena na sayi wannan akwatin?"

Aulis, ban san don Baba ya sayi motar ba. Ka san ana saka wa Baba abin numfashi idan zai kwanta, ni ma na sani, amma cikin tambayoyina uku babu wuta. A watan Janairu Tuomo ya sayi motar, mai ƙarfen da ke ɗaga keke, da gado mai sauka ƙasa, da ban-ɗaki a ciki. Ni kuwa na yi wata biyar ina cewa tsufa ne ya zo masa da son nuna kaya.

Kada ka ɗauka na huce. Me ya hana shi buɗe baki tun Afrilu? Da ya ce mini wuta, da na ƙara tambaya ta huɗu, da yanzu muna wurin da ke da duka. Shi ya yi tunanin kwanan Baba, ni na yi tunanin wankansa, kowa ya riƙe rabinsa ya yi shiru. Haka gidanmu yake, mun fi yarda mu sayar da kwalekwale da mu faɗi jimla guda. Shekara talatin ina koya wa sababbin 'yan jarida cewa su tambayi ɗaya ɓangaren kafin su rubuta, ga ni nan.

Duk wannan Baba yana ji ta taga. Ya ce mu daina, kallon ruwan ma ya ishe shi. Ban taɓa jin ya yi ƙarya mai rauni irin wannan ba.

Tuomo ya ɗauko littafin motar, tun azahar yake karanta shafin batir. Ban tambaye shi dalili ba.

Allah ya ƙara sauƙi.

Taki ce, ko da tana fushi,
Sirkku


Gonar Ritva, Asabar, 22 ga Yuni

Mijina,

Barka da Juhannus. Ina fata sun ba ku ko da ɗan makkara, naman nan namu da ake ɗurawa a hanji a gasa, a asibitin nan, ba miyar dankali kaɗai ba. Yaya ƙafa? Duba saman takardar ka ga inda nake rubutu.

Jiya da safe na fito daga wanka na tarar Tuomo ya zare wayar wuta yana naɗewa. Ya ce batir zai riƙe injin Baba kwana biyu, in ba a kunna firji ba, saboda haka in cinye cukuna. Iyakar bayaninsa ke nan.

Hanyar dajin ta ɗauke mu minti arba'in. Ina gaba a ƙasa ina ɗaga rassa, yana biye da ni kamar mai rakiyar gawa. A kwana ta biyu wani reshe ya kama gefen motar. Ƙarar ta yi ta tafiya daga ƙofar direba har baya, ban taɓa jin ƙara mai tsawo haka ba. Tuomo bai tsaya ba. Baba ya leƙo ya ce ai yanzu ta zama mota.

Ritva ta hura saunar tun rana, ta bar ta ta huce daidai yadda likita ta ce, ta ɗaure wa Baba damin ganye sabon yanka, irin wanda ake bugun jiki da shi a sauna. Minti goma ya yi a ciki, ina riƙe da agogo. Keken ya kai rabin hanya ya nutse a yashi, abin da ban auna ba ke nan. Tuomo ya durƙusa, muka ɗora masa Baba a baya, ya taka sauran da ƙafa ya shiga ruwa har ƙirji. Masu tanti da ke gasa makkara a gaɓa suka kau da kai, kowa ya ga wani abu a wutarsa. Na gode musu.

Baba ya ja numfashi da sanyin ya kama shi. Ya saki hannunsa mai lafiya ya bugi ruwan sau biyu. Sannan ya ce wa Tuomo a kunne, amma na ji: "Kana shekara biyar a ruwa irin wannan na goya ka, ka yi ta ihu har kifi suka gudu. Riƙe ni da kyau, kai matsoraci." Ya ce a bar shi kaɗan. Agogo ya ce a fito, na kife fuskar agogon a hannuna.

Ya yi barci har ƙarfe tara na safe, injin na aiki.

Fushina da sansanin can yana nan. Na rubuta musu wasiƙa mai shafi biyu, da adadin matakalarsu a layin farko. Fushina da Tuomo ma bai tafi duka ba. Tun safe ya je ya shafa karcen da reshen ya yi wa motarsa sau goma sha huɗu, ina ƙirgawa, kuma duk lokacin sai ya waiwayo ya ga ko ina kallo.

Yanzu Baba ya aiko shi ya tambaye ni ko na riga na yi wa Ritva maganar dawowarmu baɗi. Na ce na yi. Ban yi ba, amma da na rufe wannan takardar zan je.

Ka warke da wuri, baɗi kai za ka ɗaga rassa.

Matarka,
Sirkku