Fentin Toka a Hanyar Coci

Bakin kogin Mosel,
farkon Satumba.

Zuwa ga Yayata Roswitha,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma tarin da ya dami ƙaramar ya sake ta. Mu nan lafiya lau, inabi ya fara nuna.

Mun rataye tsintsiya a ƙofa tun bazara, alamar mun buɗe tsakar gida muna sayar da giyar gonarmu. Yaya, ban taɓa ganin baƙi haka ba. Bara ke shaida ce, sai in karance littafi guda a kan benci ba wanda ya leƙo. Bana 'yan tattaki ne ke ta saukowa da sanduna da jakunkuna a baya, su cika tebura, su cinye burodin albasa kafin ya huce. Ya kamata in yi murna, amma ba murna ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Mijina Berthold ne. Kin san tun bazara ƙungiyar tattaki ta ƙauyenmu ta ba shi aikin kula da alamun hanya, farin zane da jan ɗigo da ake shafawa a duwatsu don kada baƙi su ɓace. Sau ɗaya ake aikin nan a shekara, kowa ya sani. Shi kuwa duk Lahadi sai ya fita da sassafe, kafin ƙararrawar coci. Ya dawo yana fito, ya wanke hannu da kananzir a bayan gida, ya shigo bai dube ni ba. Na ce zan raka shi, sai ya ce, "Da wace gwiwar, 'yar birni? Kwanta ki ƙarasa littafinki."

Sannan akwai wata mace, doguwa, mai rawayen mayafi a wuya. Ta zo ta shimfiɗa taswira a kan tebur, ta kira shi, suka sunkuya kai da kai. Daga inda nake riƙe da tire na ga kunnuwansa sun yi ja. A duk littafin da na karanta, daga irin wannan sunkuyon ake farawa.

Na gaya wa Mama, surukata. Ta ce, "Hiltrud, littattafan nan naki masu siririn bango za su haukata ki. Namijin da ke wuni yana hawan gangare ina ya ga ƙarfin neman mata?" Ai uwa ce, me za ta ce?

Ki faɗa mini, ƙaramin ɗakin nan naku na sama, akwai kowa a ciki? Tambaya ce kawai. Kada Inna ta ji.

Ki sumbace mini yaran.

Ƙanwarki,
Hiltrud.

Bakin kogin Mosel,
tsakiyar Satumba.

Yaya Roswitha,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kuna cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da ƙaramar ta warke. Kin ce in yi haƙuri in daina ƙirƙirar labari. To, ki saurara, sai ki faɗa mini ko ni na ƙirƙira.

Na laluba aljihun rigarsa ta aiki. Na san ba kyau. Na yi tsammanin gashi ko ƙamshin turare, sai na sami ƙaramin gwangwanin fenti ruwan toka. Alamunmu fari ne da ja. Me mutum zai yi da ruwan toka, kalar dutsen tudunmu sak? Kuma me ya sa ba a cikin bokitin aikin yake ba, sai a aljihu?

Mai mayafin ta dawo. Wannan karon na tsaya ina goge tebur ɗaya har ya kusa hujewa, na ji komai. Ta ce, "Maigida, yaushe za ka nuna mini hanyar tsohuwar cocin tudu? Duk yadda na zaga, sai in tsinci kaina a ƙofarka." Shi kuma ya yi wata dariya da ban san yana da ita ba, ya ce, "Ai ƙofar nan ta fi coci inuwa." Ya cika mata kofi har ya zuba. A gabana, Yaya! Daren nan ban iya karatu ba.

Ga abin da ya fi tsorata ni. Kin tuna Gwaggo Apollonia, tsohuwar da ke riƙe da makullin cocin tudu, mai sayar da giyarta a gindin bishiyar gyaɗar Turawa kusa da ƙofar cocin? Ita ce ta ɗinka mini mayafin aure. Na gaishe ta a kasuwa, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Kina ƙiba, Hiltrud. Allah ya ƙara." Ta wuce. Tana zaune a kan tudu, ba abin da ke wucewa ba ta gani ba. Na tabbata ta gan su. Amma in tausayina take ji, me ya sa idonta ya yi sanyi haka?

Lahadi mai zuwa zan bi shi. Kada ki hana ni, kafin amsarki ta iso na riga na dawo. Ki share ɗakin.

Taki har kullum,
Hiltrud.

Bakin kogin Mosel,
ƙarshen Satumba.

Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mutanen gida, ki gafarce ni da na bar ki cikin zullumi. Na rasa ta inda zan fara ne.

Na bi shi. Hazo ya rufe kogi, ina jin ƙarar bokitinsa a gabana, ina hawa ina zamewa, da rigar coci a jikina don in na kama su kada ta fi ni kyau. Ya tsaya a mararraba, inda hanya ɗaya ke hawa zuwa tsohuwar coci, ɗayar kuma ke gangarowa ta bi bakin kogi ta wuce ƙofarmu. Na laɓe bayan katangar gona ina jiran rawayen mayafi.

Ba ta zo ba. Sai na ga ya durƙusa gaban babban dutsen, ya ciro gwangwanin nan, ya shafe alamar da ke nuna sama da ruwan toka har ta ɓace. Ya matsa, ya zana sabuwa mai nuna ƙasa, wajen gidanmu. A hankali ya yi shi, da kyau, kamar yadda yake ɗaure reshen inabi.

Ina nan ban gama fahimta ba, sai aka yi tari kusa da ni. Gwaggo Apollonia ce zaune a kan dutse bayan katangar, da bokitin farar ƙasa tsakanin ƙafafunta da wani tsohon buroshi. Ta ce, "Matsa, yarinya, kin tare mini. Jira nake angonki ya gama in mayar." Ashe ita ce matar da ke fitar da shi duk Lahadi. Ya shafe, ta mayar. Farar ƙasarta ba ta jure ruwan sama, nasa kuwa fenti ne. Tun bazara ba mai hawa wurinta sai wanda ya san hanya da ka. Giyarta na nan cikin ganga, coci a kulle don ba mai neman makulli.

Na ce mata me ya sa ba ta kai ƙara ƙungiya ba. Ta ce, "Ni na riƙe shi ranar baftisma, ya jiƙe mini riga. In kai shi ƙara a kore shi, uwarsa ta daina fita kasuwa?" Sai ta ɗaga murya. "Kai, ɗan Klemens! Ubanka ya fi ka wayo, bai taɓa gwada ɗauke coci daga tudu ba!"

Ya juyo ya gan mu. Buroshi ya faɗi daga hannunsa. Ni ya duba, ba ita ba, ya ce, "Don ke na yi. Bara kina zaune ke kaɗai a tsakar gida kina kuka kan littafi, na ɗauka tafiya za ki yi." Na ce, "Littafin ne ke da ban tausayi, Berthold!" Gwaggo ta ce, "Ku yi wannan a gida. Wa zai mayar mini da hanyata?"

Shi ya mayar, ina riƙe da bokiti, tun daga mararraba har ƙofar coci. Tsohuwar na biye da mu tana cewa wannan ya karkace, wancan ya yi ƙasa. Da muka isa ta zuba mana giyarta, ta ba shi mafi tsami.

Yaya, na yi shirin wata mace tsaf. Na san abin da zan ce, da rigar da zan sa, da jirgin da zan hau. Mai mayafin ma ashe malamar makaranta ce mai son tsofaffin zanen bango, jiya na gan ta tana hawa ba ta ko waiwayi gidanmu ba. Abin da ban shirya masa ba shi ne mijin da zai hana tsohuwar da ta riƙe shi ranar baftisma abinci tun bazara, ya dawo yana fito, ya ci burodina da daɗi. Da farko sanyi na ji, har na yi dariya a hanyar gida. Daga baya na fara tunanin fuskarsa yana shafe alamar nan. Ko ɗar babu a cikinta. In ya iya wannan don yana so na, me kuma zai iya?

Tsakar gida ta koma shiru, Mama tana ta mita ba ta san dalili ba. Ki bar ɗakin yadda yake, ba zan zo ba. Amma gwangwanayen fenti duka na kwashe, suna cikin akwatina, kuma na ce masa daga yau ba ya fita duba hanya sai da ni. Ya ce wato ban yarda da shi ba ke nan. Na ce masa e, gaskiya ne. Sai ya tambayi lambar takalmina, wai wanda nake sawa ba zai kai ni tudu ba.

Ki gaida maigidanki da yara. Ki zo girbi in kin sami hali, muna neman hannu.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hiltrud.