An Ɗinka wa Albasarmu Labari

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Bayan gaisuwa, ina Rakiya da yara? Yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Adjamé lafiya lau, sai yawan zama.

Na taɓa jin wai a nan Abidjan akwai ofisoshin da ke ɗinka labari kamar riga, ka biya, su kai wa jaridu. Dariya na yi. To, an ɗinka mana. Wata jarida ta buga cewa ana fesa wa albasarmu guba, rediyo ya ɗauka, salula ta ƙarasa. Laila, 'yar maƙwabcina da ke aiki a irin ofishin nan a unguwar Treichville, ta rantse a gabanta aka rubuta labarin, wani mai shigo da albasar waje ya biya. Likitan da suka ambata a ciki ma ba a haife shi ba.

Matan kasuwar Gouro da muka tsufa muna ciniki da su yanzu kauda kai suke yi. Buhuna suna ruɓewa. Kada ka lodo mota tukuna, kuma kada Inna ta ji.

Duk na haɗiye. Amma jiya saƙonka na murya ya shigo: "Yaya, wai me kuke zuba wa albasar a can?" Kai ne na ƙarshen kawo mini labarin, Lawali, kai da ka noma ta.

Yayanka,
Abdulƙarim